Kogin da Rauda Ta Bari a Gindin Dutse

Malam Yusha'u ya yi shekara talatin da wani abu yana auna ruwan da ba nasa ba. Aikinsa ke nan a ma'aikatar da ta ɗauke shi tun yana saurayi: ya hau babur ya je bakin kogi, ya duba sandar awo da aka kafa a cikin ruwa, ya rubuta inda ruwan ya kai, ya dawo. Da damina ya je, da rani ma ya je, ko da kogin ya zama yashi zalla har ana shanya hatsi a cikinsa. A irin wannan ranar sai ya rubuta sifiri, ya sa hannu.

Abokan aikinsa sun gano tun da wuri cewa ana iya auna kogi daga gindin mangwaron ofis. Mutum ya dubi sama, ya tuna abin da aka rubuta bara, ya ƙara kaɗan ko ya rage kaɗan. Ba a taɓa kama kowa ba, domin ba a taɓa karantawa ba. Malam Yusha'u bai yi musu wa'azi ba, bai kuma taɓa zama a gindin mangwaron ba. Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango. Bayan 'yan shekaru ya ji labarin gara ta shiga ɗakin ajiya ta cinye takardun duka, na bakin kogi da na gindin mangwaro, ba ta bambanta ba. Ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da cin tuwonsa.

A Gyallesu aka haife shi, ɗan wani tela. Tsofaffin unguwar sun ce tun yana ƙarami, in an yi ruwa sauran yara suna tsalle a ƙarƙashin indararo, shi sai ya bi ruwan lungu-lungu ya ga inda za shi. Kullum kogin Kubanni za shi. Wannan bai hana shi sake bi ba a ruwa na gaba. Ya yi makaranta, ya karanta ilmin ruwa, ya auri Rauda, malamar firamare, suka tare a Tudun Wada, a wani gida da ke can saman layi. Gidan yana da famfo. A tsawon zamansu famfon yakan yi tari jefi-jefi, ya zubo abin da bai cika kofi ba, ya koma barci. Mutanen ƙasan layi sukan samu wani lokaci. Na sama kuwa sai 'yan ga-ruwa. Maƙwabta sukan tare Malam Yusha'u a hanyar masallaci su tambaye shi dalili, tun da shi ne mutumin ruwa, shi kuma ya yi musu cikakken bayani a kan tudu da ƙarfin turi, har da nuni da hannu. Su tafi sun gane sarai, ba su da ruwa.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Bahijja. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "Uwata". Ta yi aure a Kwangila, tana da kemis a can.

Shi da ya yi ritaya zama ya yi. Rauda da ta yi ritaya sai ta kafa ƙasa guda. Takan zauna a tabarma a ƙofar ɗaki, tabarau a kan hanci, tana danna waya da yatsa ɗaya, tana tura labari babi-babi zuwa wani zauren WhatsApp inda ɗaruruwan mata ke jira. Labarin wani birni ne, Talgwai, da ke cikin kwari a gindin Dutsen Mai Rawani, dutsen da gajimare ba ya barin kansa. Wata runduna ta mutanen toka, waɗanda ba su da inuwa, ta kewaye birnin ta busar da rijiyoyinsa. A bayan dutsen kuma ga Kogin Dallam, cike maƙil, ba wanda yake sha. Sai wata 'yar marina mai suna Hanifa ta tsallake dutsen don ta je ta roƙi kogin.

Mutanen toka ba su dami Malam Yusha'u ba. Mutum marar inuwa ba fanninsa ba ne. Abin da ya shiga fanninsa shi ne taswirar da Rauda ta zana a bayan tsohuwar kalanda, ta manna a bangon falo. Wata rana bayan la'asar ya tsaya a gabanta da kofin shayi a hannu, ya daɗe.

"Malama, wannan kibiyar fa?"

"Hanyar da kogin zai bi."

"Ai sama ta nuna."

"Saman za shi."

"Kin zana ta a juye."

"Ban juya ba. Hanifa za ta roƙe shi, ya hau dutsen, ya leƙo Talgwai. Ƙarshen littafin ke nan."

Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

"Ruwa ba ya hawa."

"Na sani, Malam. A gidan nan nake zaune."

Bai yi fushi ba, taimako ya kawo. Ya ce mata duwatsu suna da tsaga, ruwa yana iya bi ta ƙarƙashi ya ɓuɓɓugo a gefen birni, kowa ya sha ba tare da an saɓa wa komai ba. Ta ce ta ji. Washegari ta saki babi inda aka bayyana cewa Mai Rawani dutse ɗaya ne curarre, babu tsagar da allura za ta shiga. Ya ce to a haƙa rami ta cikinsa. Babi na gaba ya ba da labarin yadda kakannin Talgwai suka gwada haƙa, ƙarfensu ya narke a hannunsu. Ya ce kogin ya zagaya mana. Sai dutsen ya miƙe, daga bakin teku har ƙarshen hamada. Kowane babi takan karanta masa shi yana shan shayi, da muryar da take yi wa 'yan aji uku shifta. A zaure kuwa mata suna ta yaba girman dutsen nan da kwarjininsa, ba wadda ta san waye ke sa ana ƙara masa tsawo.

Ya lura cewa duk tsawon da ta ba shi, Kufena ne. Dutsen da ta sani ke nan, shi take hangowa tun tana yarinya: baƙin dutse sumul wanda ruwan sama ke zubo masa ya sulale bai riƙe ko ɗigo ba. Ta ɗauke shi ne ta ninka. Ya faɗa mata, ta ce ai kuwa ta gode, ba ta san yana karanta ta da kyau haka ba.

"Amma me ya sa sai ya hau?"

"In ya gangara wa zai karanta? Kullum gangarawa yake yi, ba wanda ya taɓa rubuta masa littafi."

"Ni na rubuta."

"Kai kuma gara ta karanta."

Ciwon ya fara mata kamar gajiya, da bazara. Kafin ruwa ya zauna tana asibiti. Labarin ya tsaya a inda Hanifa ta isa bakin Dallam, ta durƙusa, ta buɗe baki za ta yi roƙo. Wata rana da hantsi, Malam Yusha'u yana kan kujera yana ɓare lemon da ba mai sha, Rauda ta kira Bahijja kusa ta zayyana mata ƙarshen tiryan-tiryan: abin da Hanifa za ta ce, yadda kogin zai yi shiru, yadda zai juya ya fara hawa, yadda mutanen Talgwai za su fito gindin dutse su ga ruwa yana ƙyalli a can sama, mata su rangaɗa guɗa. A nan za a rufe.

"Ki rubuta yadda na gaya miki. Amma kada ki sake shi sai Babanki ya faɗa da bakinsa cewa ya hau."

Bahijja ta yi dariya. Malam Yusha'u ya ce, "Ki warke tukuna mu yi gardamar a gida."

Ta ce, "To."

Ba ta warke ba.

Ya yi duk abin da ake yi. Ya bi gawa, ya tsaya a sahu, ya zauna a tabarma a ƙofar gida. A ce masa ya haƙuri, ya ce sai godiya. Ya yi ta jiran abin da ake cewa yana zuwa wa mutum a irin wannan lokaci, abin bai zo ba. A maƙabarta abin da ya lura da shi shi ne an yi kabarin a ɓangare mai kyau, inda ƙasa ta ɗan karkata, ruwa ba zai kwanta ba. Ya san ba wannan ne ya kamata ya lura da shi ba. Sanin hakan ma bai sa ya ji komai ba. Yana cin abinci in an kawo, yana sallah a kan lokaci, yana amsa sallama.

A cikin gida kuwa an sami baƙin da dangi ba su san su ba. Mata ne daga Funtuwa, da Kaduna, har da Kano, waɗanda ba su taɓa ganin fuskar Rauda ba. Sukan yi gaisuwa yadda ya dace, su yi addu'a mai tsawo, wasu su yi kuka na gaske. Sai in sun tashi tafiya, a bakin zaure, su ja Bahijja gefe su rage murya.

"Allah ya jiƙanta. To, ya Talgwai?"

Bayan sadakar arba'in Bahijja ta zo daga Kwangila da babin a rubuce a wayarta. Ta sami mahaifinta a falo yana kallon bango. Ta gaishe shi, ta zauna a ƙasa.

"Baba, na gama. Saura kai."

"Saura ni me?"

"Kalma biyu ce fa. Ka ce ya hau, shi ke nan, in tura."

"Uwata, ban saba faɗin abin da bai faru ba."

"Baba, Talgwai ɗin ma ai ba ta faru ba."

"Duk da haka."

"To in tura kawai?"

Ya juyo ya dube ta. "Ba wasiyya ta bar miki ba?"

Da wasa aka faɗa, amma mai wasan ta rasu, kuma su biyun sun san maganar mamaci ba ta zama wasa.

"Ki ba ni lokaci," ya ce. "Wataƙila akwai hanyar da ban duba ba."

Ya karɓi wayar Rauda ya karanta littafin daga farko, karo na farko da ya karanta shi da idonsa. Bai tsaya a wuraren da mata ke kuka ba. Awo yake nema. An ce gaggafa takan huta sau biyu kafin ta kai ƙolin Mai Rawani. An ce daga ganuwar Talgwai zuwa gindin dutse tafiyar hantsi ce. An ce jirgin masunta ba ya haye Dallam sai da waƙa uku. Da waɗannan ya fitar da tsawo da faɗi, gwargwadon abin da mutum zai iya fitarwa daga gaggafa. Sannan ya sa aka kawo masa jar ƙasa a baro, ya gina dutsen a tsakar gida, daidai inda Rauda take shanya. Ya kai masa ƙugu. Ya shafe shi da siminti, tun da an ce ba tsaga. A gefe ɗaya ya tona hanyar Dallam. A ɗaya gefen ya jera marafan kwalba: ga kasuwa, ga fada, ga unguwar marina a can ƙasa inda littafin ya ajiye ta.

Kullum da safe sai ya cika buta ya zuba a hanyar Dallam, ya tsuguna ya kalla. Ruwan ya bi gindin dutse ya wuce ya fita ta rariya. Ya sauya kusurwa, ya toshe nan, ya buɗe can, ya sake zubawa. Ruwan ya sake fita ta rariya. Mai ga-ruwan layin ya ga ana ƙara masa jarka a gidan da mutum ɗaya ya rage, bai tambaya ba.

Wanda ya tambaya shi ne Malam Ernest, maƙwabcinsa na jikin katanga, tsohon hedimasta, ɗan Wusasa, wanda suka yi shekara da shekaru suna dara tare a ƙofar gida. Ya shigo da sandarsa ya tsaya a kan ginin.

"Injiniya, rumbu ne ko tanderu?"

"Dutse ne."

"Af. Su wa ke cikin marafan nan?"

"Mutanen Talgwai."

"Ina gaisuwa." Ya jawo kujera. Shi ma ya san labarin, domin jikokinsa mata suna cikin zauren WhatsApp ɗin. Malam Yusha'u ya yi masa bayanin matsalar, ya saurara kamar yadda yake sauraron malamin da ya makara.

"Tiyo," in ji Malam Ernest. "Ba ka ga yadda 'yan bumburutu ke zuƙo fetur daga tanki ba? Ai hawa yake yi kafin ya sauka."

Ya koma gida ya ɗauko tiyon ban-ruwan fulawa. Suka tsoma baki ɗaya a bokiti a ɓangaren Dallam, suka ɗora tiyon ta kan dutse. Malam Ernest ya durƙusa da ƙyar ya zuƙa, ya ƙware, ya tofar, ya saki bakin tiyon a kwano. Sai ga ruwa yana zuba.

"Ka gani! Ya hau! Hedimasta ya fi injiniya, je ka rubuta."

Malam Yusha'u ya kalli ruwan har bokitin ya ƙare.

"Wannan dabarar tana aiki ne in tudun bai wuce bene mai hawa uku ba. Ya wuce haka, ruwan ya tsinke a cikin tiyo. Nan kuwa gaggafa ce ke hutawa sau biyu."

"To ka sa mata ciwon fiffike. Gaggafa marar lafiya ko a katangar nan sai ta huta sau biyu."

"Ba ni na rubuta ba."

Bayan kwanaki ya zo da wata hanyar, ta gaske, wadda ke cikin littattafan da ya karanta a makaranta. Ƙaramar ƙorama a ɓangaren Talgwai tana iya cin dutse da baya-da-baya, kowace damina ta ɗan ƙara, har wata rana ta huda ta sace Dallam gaba ɗaya. Yana faruwa a duniya. Bai saɓa wa ko jimla ɗaya ta Rauda ba, domin ba ta yi tunanin toshe wannan ba.

"Madalla," in ji Malam Ernest. "Zai ɗauki yaushe?"

"A dutse irin wannan, dubban dubban shekaru."

"Su kuma randunansu?"

"Ta ce sun kusa ƙarewa."

"To sai su ɗan yi haƙuri."

Wata kaza ta hau Mai Rawani ba ta huta ko sau ɗaya ba, ta sauka ta ɗaya gefen.

"Da Jumai ta rasu," in ji Malam Ernest, yana nufin matarsa, "na daɗe ina gyaran rediyon da ba abin da ya same shi. Na kwance, na haɗa, na kwance. Injiniya, matar nan ba ta bar maka hanya ba. Ita ta toshe su da hannunta, kana zaune kana shan shayi."

"Na sani."

"To me kake nema?"

Malam Yusha'u ya tashi ya je ya cika buta. Ba ya jin baƙin ciki, da zai ce baƙin ciki ne. Abin da ya sani kawai shi ne muddin bai faɗi kalmomin nan biyu ba, gardamar tana nan, kuma gardama ba ta yiwuwa da mutum ɗaya.

Damina ta yi nisa. Wata Asabar Bahijja ta zo tare da Hajiya Bilkisu, mai kula da zauren, wata 'yar kasuwar atamfa daga Dutsen Abba wadda ba ta saba a bar ta tana jira ba. Ta gaishe shi cikin ladabi, ta yi wa marigayiya addu'a, ta kalli ginin tsakar gida ta kawar da kai kamar ta ga abin da bai kamata baƙo ya gani ba.

"Malam, na riƙe matan nan iya riƙewa. Yanzu abin ya fi ƙarfina. Wata ta rubuta nata ƙarshen, ta sa sunan Malama a sama, yana ta yawo a waya. Waɗanda ba su sani ba sun ɗauka shi ne. In aka ƙara jimawa, ko an saki na gaskiyar ba wanda zai yarda."

Bahijja ba ta ɗago kai ba. "Baba, aljani aka kawo. Mama ba ta taɓa sa aljani a littafin nan ba, ko ɗaya."

"Ya yi me, aljanin?"

"Ya ɗebe kogin duka a gora, ya tashi sama da shi, ya juye a tsakiyar kasuwar Talgwai."

"Duka?"

"Duka."

"Juyi ɗaya?"

"Haka aka rubuta. Wai mutane suna ta rawa."

"Ba wanda zai yi rawa," in ji Malam Yusha'u. "Duk sun mutu."

Ya faɗa ne kawai don gaskiya ce. Amma da ya faɗa sai ya tsaya yana kallon marafan kwalbar. Tun da ya gina dutsen nan bai taɓa zuba ruwa a ɓangaren Talgwai ba, domin ruwa ba shi da izinin zuwa can. Ya tambayi Bahijja, a babin mahaifiyarta, ina mutanen suke tsaye sa'ad da ruwan ya leƙo.

"A gindin dutse. Duk garin, har da tsofaffi."

"Sai kuma me?"

"Sai guɗa. A nan ta rufe."

Ya ajiye butar. Ya ɗauko bokiti cike, ya ɗaga shi da ƙyar zuwa ƙolin Mai Rawani, ya karkata shi ta ɓangaren birni. Siminti bai riƙe komai ba. Ruwan ya sauko gaba ɗaya, ya kwashe unguwar marina, ya kwashe kasuwa, ya juya da fada, ya tara marafan a bakin rariya. Ɗaya ya tsaya a jikin takalmin Hajiya Bilkisu. Ta ja ƙafarta a hankali.

Malam Yusha'u ya tsuguna ya tsince marafan ɗaya bayan ɗaya, ya goge su a gefen rigarsa.

"Uwata, ɗauko wayar."

Ta ɗauko.

"Rubuta. Ya hau."

"Baba?"

"Ya hau. Yadda aka yi ya hau ban sani ba, ban gani ba, kada kowa ya tare ni a hanyar masallaci. Wannan tsakanin mahaifiyarki ne da kogin. Amma saukowa aikina ce."

"Mama ba ta faɗi saukowa ba."

"Ita a sama ta tsaya. Ba za a taɓa mata ko wasali ba. Ki bar babinta yadda yake, da guɗar da komai. Ki buɗe wani a bayansa, ki sa sunanki."

Hajiya Bilkisu ta duba fuskarsa.

Ya fara jera marafan daga sabo, yana magana da muryar da yake ba da rahoto a ofis. Da zarar an gama guɗa, a kwashe kowa daga gindin dutse, ba gudu ba, amma ba tsayawa gaisuwa. Tsofaffi da masu ciki a kai su tudun ƙofar yamma. Unguwar marina ba ta tsira, a fitar da mutane a bar rijiyoyin baban rini, za a sake haƙa wasu. Majiya ƙarfi su buɗe ƙofar arewa su fasa ganuwa daga nan zuwa nan, ya nuna da tsinke, don ruwan farko ya bi ta waje ya faɗa kwarin da mutanen toka suka yi sansani.

"Su mutanen tokar fa?" in ji Hajiya Bilkisu, wadda ta matso da kujerarta ba ta sani ba.

"Toka ce, Hajiya. Ba sai an yi musu komai ba."

Ya ce a bar tsohon kududdufin bayan kasuwa ya cika, shi zai karya ƙarfin ruwan. Kada kowa ya sha na ranar farko, laka ce da ƙasar dutse, a bari ya kwanta. Bahijja tana dannawa, hawaye yana ɗiga a fuskar wayar, tana gogewa da gefen mayafi tana ci gaba. Ya ga tana kuka. Ya jira ya ga ko nasa zai zo, bai zo ba, sai ya ci gaba da faɗin zurfin magudanar da za a tona a jikin ganuwa.

Da ya gama ya sake cika bokiti ya zuba. Wannan karon ruwan ya bi ta inda ya tona da tsinke, ya cika ramin bayan kasuwa, ya ratsa gefen birni a hankali. Marfi biyu suka motsa, sauran suka tsaya. Ya gyara biyun, ya ce a ƙara wa magudanar faɗi.

"Baba, Hanifa fa? Tana can sama tare da ruwan."

Ya dubi ƙolin dutsen, inda simintin ke ƙyalli da jiƙa.

"Kada ta biyo shi. Dutsen zai yi santsi, ba abin kamawa. Ta sami wuri ta zauna."

"Har yaushe?"

"Ki tura na mahaifiyarki yau," ya ce. "Wannan sai na auna."